Tambayoyinku: Kwanan Tanti, Garwashi da Tukunyar Gas

Tunda hunturu ya fara kaɗawa wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga kwanan tanti. Masu haƙar zinariya a daji, 'yan agaji masu raka taron wa'azi, matasa masu hawan tsaunuka, har da maniyyata aikin Hajji. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowa.

Mu huɗu muke kwana a tanti ɗaya a wurin haƙar zinariya, arewa da Agadas. Sanyin dare ba ya jurewa. Mukan hura gawayi a waje, sai ya ruru hayaƙi ya ƙare sannan mu shigar da mangal ɗin ciki. Wani ya ce muna wasa da rayukanmu. To ai tanti yadi ne, iska na ratsa shi, kuma babu hayaƙi. Ina haɗarin yake?
*Daga wani mai karatu, jihar Agadas*

Ɗan'uwa, wanda ya gaya muku haka ya yi muku alheri, ku daina tun daren yau. Hayaƙin da kuke jira ya ƙare ba shi ne mai kisa ba. Shi hayaƙi yana da kunya: yana yaji a ido, yana sa tari, yana korar mutum waje. Abin da ke kisa wata iska ce da ake kira kabon monoksaid, wadda duk abin da ke ci da wuta yake fitarwa idan bai samu isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Gawayi kuwa ya fi kusan kowane makamashi fitar da ita, kuma yana ci gaba da fitarwa a daidai lokacin da kuke ganin ya yi lafiya, wato ya yi jajir, toka ta fara rufe shi. Ko da asuba ka tona tokar ka ga jan garwashi a ƙasa, to yana nan yana aikinsa.

Yadda take yi a jiki shi ne, sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin ya fi kama kabon monoksaid da ƙarfi sau 200 ko fiye. Duk numfashin da ka ja, sai ta ƙwace wani gurbi a jini ta riƙe, ba ta saki da wuri. Huhu na aiki, ƙirji na sama da ƙasa, amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna cikin yunwar iska. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ƙafafu su yi nauyi, tunani ya rikice. Mai barci ba ya jin komai. Daga barci sai suma.

Ga lissafin da ya kamata ya tsaya muku a rai. Idan wannan iska ta kai kashi 200 cikin miliyan na iskar wuri, ciwon kai na zuwa cikin awa biyu zuwa uku. A kashi 400, rai na cikin haɗari bayan kamar awa uku. A kashi 800, jiri da amai da jijjiga na iya zuwa cikin minti 45, suma cikin awa biyu. Ƙaramin tanti na mutum biyu, mai faɗin mita biyu da tsawon mita biyu, iskar da ke cikinsa ba ta wuce lita 3,000 ba. Kashi 400 cikin miliyan na wannan bai kai lita ɗaya da rabi ba, wato bai cika babbar gorar ruwa guda ba. Mangal ɗaya yana wuce wannan nesa ba kusa ba kafin dare ya raba.

Batun cewa yadi ne, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Tantin zamani da tamfol an shafe su da roba ne don kada ruwa ya ratsa, abin da ya hana ruwa kuwa ya hana iska. Shi ma tantin kambas mai kauri, da zarar ƙura ta toshe saƙarsa ko raɓa ta jiƙa shi zaren ya kumbura, ya zama bango. Ku kuma, saboda sanyi, mun san kun ja zif har ƙasa, kun tara yashi a gindin tantin ta kowane gefe. Kun mayar da shi tukunya mai murfi.

Ɗumin da kuke nema akwai hanyarsa ba tare da wuta ba. Mafi yawan sanyin da ke shiga jikin mai kwanan daji daga ƙasa yake tasowa, don haka abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci: kwali ninki biyu ko uku, ko buhunan da aka cusa wa busasshiyar ciyawa, sannan tabarma, sannan bargo. A cire kayan da aka yi gumi a ciki da rana a sa busassu, a sa hula mai rufe kunne da safa. A ci abinci mai zafi kafin kwanciya. A tafasa ruwa a waje, a bar shi ya ɗan huce, a zuba a gora mai kauri da murfi mai kyau, a naɗe da tsumma a sa wajen ƙafa. Dutsen da aka ɗumama a gefen wuta aka naɗe da tsohon bargo shi ma yana yi, amma ban da dutsen da aka ɗauko daga rafi, domin ruwan da ke cikinsa na iya fasa shi a wuta. Shayi kuma a sha shi a waje, a kashe garwashin da ruwa har ya daina ƙara, a bar mangal ɗin can nesa da ƙofa.

Idan na bar ƙofar tanti a buɗe rabi, zan iya barin garwashin ko risho a ciki?
*Daga wani ɗan agaji, Zariya*

A'a, Malam. Buɗe ƙofa na rage haɗari, ba ya kawar da shi. Iskar da ke kaɗawa ƙarfe goma na dare na iya kwantawa ƙarfe biyu, ko wanda sanyi ya dama ya miƙa hannu cikin magagi ya ja zif. Tagogin tanti an yi su ne don numfashin mutane da danshi, ba a auna su da wuta ba.

Muna zuwa tsaunin Mambila da ɗalibai. Duk safiya sai mu tarar cikin tanti ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga sama ko ba a yi ruwan sama ba. Tantin ne ke yoyo?
*Daga wani malamin makaranta, Jalingo*

Da wuya yoyo ne, Malam, numfashinku ne. Kowane mutum na fitar da kimanin kofi ɗaya zuwa biyu na ruwa a dare ta numfashi da fata. Mambila tana kan tsawon kusan mita 1,600, dare na sanyi, yadin tanti ya yi sanyi, tururin ya taɓa shi ya koma ruwa. Ɗalibai shida a tanti ɗaya, ga jiƙaƙƙun takalma da tawul, ai dole a wayi gari a jiƙe. Wannan ruwan yana gaya muku abu mai amfani: iska ba ta zagayawa.

Iska ba ta fita sai ta samu ta inda wata za ta shigo. Ana bukatar kafa biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, kuma a ɓangarori daban-daban. Iskar da jiki ya ɗumama tana tashi ta fice ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Yawancin tantuna suna da 'yar taga a ƙololuwa mai ɗan sanda da ke tokare ta. A tokare ta kullum, ko ana sanyi. A ƙofa kuma, a rufe ragar sauro duka, amma a bar zif ɗin yadin waje a buɗe kamar taƙi ɗaya. Idan zif ɗin mai kai biyu ne, a buɗe ta sama.

Tanti mai riga biyu, wato na ciki mai raga da na waje mai tare ruwa, aikinsa ya dogara ne da ratar da ke tsakaninsu. A ja igiyoyi a kafa turaku sosai har a samu tazarar yatsu huɗu ko fiye a kowane gefe. Inda rigunan biyu suka haɗu, nan ruwa ke tsallakowa ciki. Yadin nailan yana saki idan ya jiƙa, don haka a sake ɗaure igiyoyin kafin a kwanta. Kada gefen rigar waje ya manne da ƙasa ta ko'ina: a sauke shi ta ɓangaren da iska ke bugowa, a ɗaga sauran. Jakunkuna ma kada a jera su a jikin raga, abin da ɗalibai suka fi yi ke nan.

Wurin kafawa yana da nasa tasiri. Kwari da bakin rafi nan sanyi da raɓa ke taruwa da dare; ɗan tudu ya fi. A yawancin arewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma daga gabas yake tasowa, saboda haka ƙofa ta kalli yamma ko kudu, sai dai idan tsauni ya karkatar da iskar wurin. A lokacin ƙura a riƙa kaɗe raga da burushi, domin ƙurar hunturu na liƙe ƙofofinta.

Abu ɗaya da za mu ja kunnenku a kai: kada a kunna risho a ciki wai don a busar da tantin. Kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana fitar da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a matsayin tururi, danshin ƙaruwa zai yi. Ga shi kuma a kan tsauni iska ta fi sirara, wuta ba ta ci da kyau, jiki ma oksijin ɗinsa bai kai na ƙasa ba, don haka kabon monoksaid ta fi saurin kayar da mutum. Ciwon kan da za a ɗora wa gajiyar hawa na iya zama nata. In ana ruwa kuma dole a yi girki, a ɗaura tamfol daban a matsayin rumfa, aƙalla mita uku daga tanti, gefunansa a buɗe.

Ina da ƙaramar tukunyar gas mai kilo shida da nake tafiya da ita. Saboda ɓarayi nakan shigar da ita tanti in kwana da ita, a kashe. Akwai matsala?
*Daga wata mai sayar da abinci a wuraren taro, Kano*

Akwai, Hajiya, kuma matsalar daban take da ta garwashi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ya tsiyaya ba ya tashi sama ya fice ta taga, kwanciya yake a ƙasa. Tantin zamani kuwa ƙasansa ɗinke yake da gefuna masu ɗan tsawo don kada ruwa ya shiga, sai gas ɗin ya taru daidai inda kanki yake. Idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa. Kuma ruwan gas ɗin da ke cikin tukunya yana kumbura kusan sau 250 idan ya fito, don haka 'yar tsiyaya ba ƙarama ba ce. Warin da kike ji an zuba shi ne da gangan don gargaɗi, amma hanci na sabawa da wari, mai barci kuma ba ya shinshina.

Tukunya ta kwana a waje, a tsaye, a inuwa, a kan ƙasa mai daidai, ba cikin rami ko kusa da kwata ba. Maganin ɓarawo sarƙa da kwaɗo ne, a ɗaure ta a jikin itace ko ƙarfen rumfa.

Duk lokacin da aka ɗaura kan risho ko ragileta bayan tafiya, a gwada. A kaɗa sabulu da ruwa, a shafa kumfar a bakin tukunya, da mahaɗar tiyo ta kowane kai, a buɗe gas ba tare da kunna wuta ba. Inda kumfa ke kumbura tana fashewa, nan ne tsiyaya. Kada a taɓa gwadawa da ashana. Mafi yawan tsiyaya daga 'yar robar da ke cikin bakin tukunya take, wadda zafi da ƙura ke busarwa ta tsage; kuɗinta kaɗan ne, ki riƙa yawo da biyu ko uku. Tiyo kuma a lanƙwasa shi a duba, in an ga tsaga ko ya yi tauri a sauya, a ɗaure kawunansa da kilif, ba da igiyar roba ko waya ba. Wajen ɗura gas kada ki yarda a cika ta maƙil: kashi 80 cikin 100 ne ƙa'ida, sauran gurbin na kumburar gas ne idan rana ta yi zafi. Kada ta yini a cikin rufaffiyar mota.

Ki riƙa kallon harshen wutar. Shuɗi tsaf shi ne lafiya. Idan ya koma rawaya, yana lilo, yana baƙanta gindin tukunya, to wutar ba ta samun iska kuma tana fitar da kabon monoksaid da yawa. Galibi ƙura ce ko miyar da ta zube ta toshe ƙofofin kan rishon, ko gizo-gizo ya yi saƙa a bututun iska. Tsohon burushin haƙori da siririyar waya sun isa.

Masu amfani da ƙaramin rishon tebur mai gwangwanin gas a gefe, su kula da girman tukunya. Idan gindinta ya yi faɗi har ya rufe gidan gwangwanin, zafi na komawa kansa ya fashe. Haka ma jera risho biyu a ɗora faranti ɗaya a kansu.

In kika ji warin gas: a rufe tukunya daga bakinta, kowa ya fita, a buɗe ƙofofi duka a ɗaga gindin tantin, kada a kunna ko a kashe komai na lantarki a wurin.

Bana zan sauke farali in Allah Ya yarda. Ba na iya cin abincin waje, ina so in tafi Mina da ɗan rishon gas don dama kunu. An ce ana ƙwacewa. Gaskiya ne?
*Daga wata maniyyaciya, Maraɗi*

Allah Ya karɓa, Hajiya. Gaskiya ne, hukumomin Saudiyya sun hana shiga da gas ɗin girki tantunan Mina da Arfa a kwanakin Hajji, kuma hanin yana da tarihi. A 1975 tukunyar gas ta fashe a Mina, gobara ta ci rayuka kusan 200. Ranar 15 ga Afrilun 1997 wata gobarar ta tashi, iska ta kwashe ta, ta cinye tantuna kusan 70,000, alhazai fiye da 340 suka rasu, wasu kimanin 1,500 suka jikkata. Bayan wannan ne aka sauya tantunan auduga da na zaren gilashi mai rufin da ba ya kama wuta, waɗanda ake gani yau. Amma katifu, barguna, jakunkuna da harami duk suna ci. Ki tafi da garin kunun da ake damawa da ruwan zafi kawai, da filas mai kyau, ki nemi ruwan zafi wajen masu hidimar tantinku.

Nisan nawa ya kamata janareta ya yi da tanti? Wayarmu gajera ce.
*Daga wani mai hayar rumfunan biki, Bauci*

Mita shida aƙalla, salansa na kallon nesa da mutane, kuma a ɓangaren da iska ke tafiya, ba inda take fitowa ba. A sayi doguwar waya, ta fi komai araha a wannan lissafi. Ƙaramin janareta na fetur yana fitar da kabon monoksaid mai yawan gaske, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a tura shi ƙarƙashin gefen tamfol saboda ruwa ko ɓarayi, ko a sa shi a lungu tsakanin tanti da katanga inda hayaƙi ba shi da mafita. A yi masa tasa 'yar rumfar, rufi kawai babu bango. A kashe shi ya huce kafin a ƙara mai. Mota ko babur da aka bari a kunne kusa da tanti don cajin waya hukuncinsu ɗaya.

Igiyar leko da fiya-fiya fa? Sauro ya yi yawa a bakin kogi inda muke su.
*Daga wani masunci, Yawuri*

Igiyar leko wuta ce, tana fitar da hayaƙi, kuma tana narkar da ƙasan tanti ko ta kama bargo. A kunna ta a waje kusa da ƙofa, a kan faranti na ƙarfe. Fiya-fiyar da ake haɗawa a kwalba kuwa galibi maganin ƙwarin gona ne, kada ya shiga wurin kwana sam. Maganin feshi na gwangwani, a fesa ba kowa a ciki, a rufe kamar minti 20, a buɗe iska ta ratsa rabin awa kafin a shiga, kuma nesa da wuta domin abin da ke tura shi gas ne. Gidan sauro mai magani ya fi su duka.

Ta yaya za a gane iskar kabon monoksaid ce ta kama mutum, kuma me za a yi kafin asibiti? Akwai na'urar da ke ganewa?
*Daga wata ma'aikaciyar sa-kai a sansanin 'yan gudun hijira, Maiduguri*

Malama, wahalar ita ce alamunta sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko gurɓataccen abinci, shi ya sa akan ba da magani a mayar da mutum cikin tantin da ya kwantar da shi. Abubuwa uku ke bambantawa. Jiki ba ya zafi. Mutane da yawa a tanti ɗaya suna kamuwa lokaci guda. Kuma suna samun sauƙi in sun fita waje, ciwon ya dawo in sun koma. Idan aka tarar da iyali duka a sume da safe, kafin a fara zancen sammu ko tuwon jiya, a duba ko akwai kurfoti, risho, fitilar kananzir ko janareta a kusa. Jarirai, masu ciki, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini irin masu sikila su ke fara faɗuwa. Ɗan tayi na iya cutuwa ko da uwar ciwon kai kawai ta ji.

Mai ceto ya fara buɗe ƙofa gaba ɗaya, in ta kama a yanka yadin da wuƙa, ya ja numfashi a waje, ya shiga ya jawo mutum zuwa fili. Kada a sa shi tafiya ko gudu, motsi na ƙara wa zuciya bukatar oksijin. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a rufa masa bargo. Wanda ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemi mota ko ya kira lambar gaggawa, 112 a Najeriya, 18 a Nijar. Ban da ɗura madara, manja ko ruwa a bakin wanda bai farfaɗo ba. Ba sa wanke jini, huhu suke gangarawa.

Maganin shi ne oksijin tsantsa. A iskar waje, jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar. Da oksijin ta abin rufe fuska, kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Don haka ko mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, kuma a gaya wa likita a fili cewa an kwana da garwashi. Wannan na da muhimmanci, saboda 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar, tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari. Bayan sallama a sa ido har makonni shida, domin mantuwa, sauyin hali ko rashin daidaiton tafiya na iya ɓullowa daga baya.

Na'urar ƙararrawa akwai ta, mai batir, girmanta bai wuce tafin hannu ba. A nemi wadda aka rubuta EN 50291 a jikinta, wato lambar ƙa'idar inganci ta Turai. Mai ƙarin lamba 2 a ƙarshe an yi ta ne don jure tafiye-tafiye. Irin wannan tana kuka cikin minti 60 zuwa 90 a kashi 50 cikin miliyan, cikin minti 10 zuwa 40 a kashi 100, cikin minti uku a kashi 300. A tanti a ajiye ta daidai tsawon kan mai barci, ba a cikin jaka ko ƙarƙashin bargo ba. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin wannan iska, ita ma wannan ba ta jin tsiyayar gas ɗin girki, kowacce da aikinta. A danna maɓallin gwaji kafin kowace tafiya, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta a baya, domin abin da ke shinshinawa a ciki yana mutuwa bayan shekara bakwai zuwa goma ko da batir sabo ne.